Turaren Masallaci a Ɗakin Inna

Daga Gubuchi

Zuwa ga Yaya Dalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Anti Suwaiba da yara? Da fatan ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba.

Jikin Inna da sauƙi, tana ci tana sha, amma har yau ba ta gane kowa. Jiya gaishe ni ta yi kamar baƙuwa. Wallahi sai da na zaga bayan ɗaki na yi kuka.

Ina gyara mata kaya na tsinci kwalbar turaren da take haɗa wa masallacin Juma'a, ta ƙarshe. Ka tuna yadda take soya farcen turare, ta daka lubban, ta kore mu da muciya? Kai da shegen hanci kana leƙe ta taga! Ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa yarda an ƙona a gida ba, har ranar aurena.

'Yata Munira ta zo hutu daga makaranta a Zariya. Ta ce sun karanta cewa Bani Isra'ila ma a da haka suke: turaren ɗakin ibadarsu da lubban da farce da gishiri ake yin sa, ba a haɗa irinsa don amfanin kai, masu haɗawar kuma ko amarensu ba sa shafa turare. Na ce ashe Inna tana da dangi a can.

Zuciyata na raya min in ƙona wa Inna turaren nan a ɗaki, ko za ta tuna da mu. Haƙƙin masallaci nake tsoro.

Ƙanwarka,
Zaituna

Zuwa ga Yaya Dalhatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin autanka?

Yaya, na ƙona! Hayaƙi na tashi Inna ta miƙe zaune, ta kira ni da sunana, ta wanke ni tas, wai yaushe na lalace har nake taɓa kayan Allah. Ina dariya, hawaye na zuba. Ta sa Hamisu maƙwabcinmu ya kai wa liman kwalbar nan take. Kafin la'asar ta koma gaishe ni kamar baƙuwa.

Allah ya yafe min, na rage kaɗan a ƙyalle saboda kai. Ba zai wuce ƙonawa ɗaya ba. Ka nemi hutu ka zo, kai ma ta yi maka faɗa da sunanka.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka mai kewarka,
Zaituna