Hannu Ya Yi Mana Kaɗan

Unguwar Kilomita Biyar, Bangi, Afirka ta Tsakiya
Yuni 1996

Zuwa ga Yayata 'Yargoggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Garwa. Yaya ƙafar taki? Ni da Ummuhani muna nan ƙalau, sai gajiya.

Saƙonki ya iso ta hannun Dabo direba. Kin ce in tattara in taho kafin sojojin nan masu bore su ƙarasa garin, kuma in daina zama da mahaukata. Yaya, kin manta ƙanwarki ɗaya ce daga cikinsu? Lokacin da mijina Rilwanu ya rasu kaina ya juye, danginsa suka ɗauke mini 'yata Ummuhani, ke kina nesa. Inno ce, wata tsohuwa a unguwar Yakite wadda ita ma ta sha ɗauri a zamaninta saboda irin ciwon nan, ta zaunar da ni a tsakar gidanta ta turo mini ƙwaryar gyaɗa.

Abin da muke yi ke nan har yau. Duk wanda ya san ciwon nan a jikinsa, Musulmi ko Kirista, yakan zo mu zauna muna ɓarar gyaɗa. Mai son magana ya yi, da Hausa ko da yaren Sango, marar so ya yi shirunsa, mu tuna wa juna shan maganin asibiti. Dokarmu ɗaya ce, ba a ce wa kowa "yaya jiki", don mun ƙoshi da ita. In wani bai zo ba, sai a kai gyaɗa mai ɓawo ƙofarsa a ce hannu ya yi mana kaɗan. Yanzu ni ke kai ƙwaryar, gwiwoyin Inno sun ƙi.

Albarkacin zaman nan aka dawo mini da Ummuhani. Amma baffanta Nasidi ya gaya mini a fili, ranar da ciwon ya dawo, ta koma hannunsa ke nan.

Ki gaida kowa. Ummuhani ma tana gaisuwa, da Sango ta faɗa, Hausar tata sai addu'a.

Ƙanwarki,
Nuriyya

Disamba 1996

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Boren ya sake tashi, wannan karon har an raba garin da shingaye. Inno ta rasu. Ba harsashi ba ne, hawan jini ne, ga hanyar asibiti a toshe. Allah ya jiƙanta. Zaman ya dawo tsakar gidana, maganinmu kuma ya ƙare, kowa ya zo ni yake kallo kamar ni ba marar lafiya ba ce.

Wanda ya fi damuna Malam Illiyasu ne, wani tela a unguwar Miskin. Tun da aka yi harbi a bakin shagonsa ya shige ɗaki, 'yan'uwansa suka ɗaure masa ƙafa a jikin gado don kada ya fita ya ɓata. Na kai masa gyaɗa har samarin da ke tsaron shinge sun gaji da caka hannu a ƙwaryata. In tsaya a ƙofa in faɗi abin da muke faɗa, ko tari ba ya yi. Sai in juye gyaɗar a bakin ƙofa in dawo.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Barci ya gudu. Jiya na tsinci kaina ina zuba wa Rilwanu abinci, har na kira sunansa. Ummuhani ta gani, ta kau da kai. Haka ya fara wancan karon. Nasidi kuwa ya yawaita leƙowa, wai gaisuwa.

Na gaji, Yaya, gajiyar da kwanciya ba ta sauke ta. Kin yi gaskiya. Zan rufe zaman, in Dabo ya samu hanya mu biyo shi.

Taki,
Nuriyya

Fabrairu 1997

Yayata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na san kin yi ta zuwa tasha.

Ko kaya ban iya ɗaurewa ba. Na sallami mutanen zaman, na shiga ɗaki na ja ƙofa. Ban san kwana nawa na yi ba. Maƙwabta suna zuwa suna yi mini sannu ta taga, ni kuwa ina jin kamar ana zuba mini ƙasa. Da safiyar wata Juma'a na ji muryar Nasidi a tsakar gida yana ce wa Ummuhani ta haɗa kayanta, zai dawo bayan masallaci. Ina ji, amma na kasa fitowa.

Can sai aka ƙwanƙwasa, wata murya a dishe ta ce, "Maman Ummu, hannu ya yi mana kaɗan."

Na buɗe. Malam Illiyasu ne, ya rame, ga shatin igiya a idon sawunsa, ga buhu a kafaɗa. Ashe da ya daina jin muryata a ƙofarsa ya tambayi ko lafiya, ya yi ta roƙon 'yan'uwansa har suka kwance shi. Ya ratso shingayen nan a ƙafa, ya bi gida gida ya kwaso sauran mutanen zaman. Gyaɗa ta yi wuya a kasuwa, sai na tambaye shi inda ya samo. Ya ce tawa ce. Duk wadda na juye masa ya sa an tara, ko ɗaya bai ɓare ba, wai aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Da Nasidi ya dawo ya same ni a tabarma cikin mutane, hannuna yana aiki, Ummuhani tana kwashe ɓawo. Ya dube mu, sannan ya ce zai sake zagayowa. Na san zai zagayo.

Kada ki ɗauka na warke. Barcin har yanzu guntu-guntu ne, jikina kamar an yi mini duka. Amma an raba kai ƙwaryar, ba ni kaɗai ba ce kuma, an kuma ce hanyar asibiti ta fara buɗewa. Ki daina zuwa tasha. In kina son taimakona, ki ba Dabo buhun gyaɗa. Na san halinki da son kyautatawa, don Allah kada ki ɓare mana ita.

Ki gaida maigida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Nuriyya