Mun Rasa Harshen da Ke Kama Sakarin

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Mata Masu Zoɓo da Kunun Aya ta Birnin Kudu da Gwaram ta samu labarin rasuwar uwarmu, Babbar Mai Ɗanɗano ta Ƙungiya, Hajiya Mairama Dada Fagam, bayan fama da ciwon zuciya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayiya ta ƙarar da ƙarfinta wajen yaƙi da sakarin, garin zaƙin nan mai arha da wasunmu ke barbaɗawa a madadin sukari. Duk ranar kasuwa, daga Kwandiko har Unguwar Ya, sai ta bi kulolinmu ɗaya bayan ɗaya da kofinta na silba, kuma ba ta yarda da kurɓa ɗaya ba, sai ta shanye tas kafin ta yanke hukunci. Idan ta yamutsa fuska, mai kular ta san kashinta ya bushe. Idan ta yi shakka, ta ƙara kofi, domin ba ta son zaluntar kowa.

Likitan da ya duba ta ya shaida wa iyalinta cewa masana na zargin yawan shan irin wannan zaƙi da taɓa zuciya da jijiyoyin jini, ko da yake bincike bai kammala ba, ajali kuma na Allah ne. Mu dai kunya ta kama mu, domin a ƙananan hukumomin nan biyu babu wanda ya sha sakarin kamar matar da ta fi kowa ƙin sa, kuma da hannunmu muka miƙa mata.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Alhaji Malam Manu, da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba su haƙurin jure rashi, ita kuma ya sa Aljanna makomarta.

A ƙarshe, an yi ta cigiyar wadda za ta gaji kujerarta, mambobi duk suka sunkuyar da kai, wasu har da kawo uzurin hawan jinin da ba mu taɓa jin labarinsa ba. Saboda haka, daga kasuwa mai zuwa, kowace mamba za ta shanye cikakken kofi daga kularta a gaban masu saye. Kofin Hajiya yana hannuna.

Sa hannu:
Hajiya Mansura Iliyasu Gwaram
Mai Magana da Yawun Ƙungiya