Rabin Ƙwaya, Rabin Aski

Daga ofishin Babban Sufeto Mai Binciken Tattalin Gidaje na Ƙasa Baki Ɗaya,
Zuwa ga babbar 'yar gidan nan mai koren ƙofa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ranki ya daɗe, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran nan biyu, da kuma aikin kamfanin ɗinki. Idan kin tambayi tamu lafiyar, ni da ma'aikatana ɗari huɗu muna nan kalau, sai dai yawan aiki da yawan girma.

Kada ki yi mamakin ganin takardar babban ofis a bayan kalandar bara, kuma a hannun direban motar kaya na layinku. Mu ma tattalin muke yi. Katin waya kuɗi ne, direba kuwa na gode kawai ake ce masa.

Dalilin wannan takarda shi ne albishir. Mun zagaya gidajen ƙasar nan kaf, mun leƙa kicin, mun leƙa bayan gida, kuma mahaifiyarki, wadda kuke kira Inna, ita ta zo ta ɗaya. Wadda ta zo ta biyu ko ƙurarta ba ta hango ba.

Ga abin da idona ya gani. Sabulu ba ya shiga banɗaki sai an raba shi biyu da zare. Idan ya suɗe ya zama kamar farce, sai a jefa shi cikin tsohuwar safar marigayi Babanku, ya tarar da 'yan'uwansa, su haɗu su zama na wanke kwanuka. Man goge baki idan ya ce ya ƙare, Inna ba ta yarda. Sai ta tsaga cikinsa da reza, ta samo na kwana shida a ciki. 'Yar jakar ganyen shayi kuwa sau uku take aiki. Na ganta da idona a kan igiyar shanya, an kama ta da abin maƙale kaya, tana shan iska kusa da ɗankwali. A karo na uku ruwan bai san an sa masa komai ba, amma ana sha ana hamdala.

Ƙwan lantarki ɗaya ne a gidan, kuma ya fi kowa yawo. Da yamma yana kicin, in an gama girki a kwance shi da tsumma a kai shi falo. Ruwan da aka wanke shinkafa ba ya zuba a ƙasa, na barkonon da ke cikin tsohon bokiti ne. Ashana ma na tarar an tsaga ta gida biyu. Na tambaya, aka ce wuta ba ta san kaurin tsinke ba.

A gidan na haɗu da wani matashi, ƙaninki, mai aski a shagon bakin titi. Kyakkyawa ne, ga hankali, ga ladabi, ban taɓa ganin irinsa ba. An ce makarantar allo kaɗai ya yi, kuma ke kika koya masa boko da gawayi a jikin bango kina ranƙwashinsa. Hukuma ta lura da batun ranƙwashin, za mu dawo kansa.

Saura ƙaramar magana guda. A cikin faranti, kan tagar ɗakin Inna, na ga ƙwayoyin maganin hawan jininta, farare, kowace an raba ta biyu daidai wa daida. Kyawun yankan ya burge ni, amma zuciyata ba ta kwanta ba. An shaida mini ke kika kai ta asibiti, kuma ke kike aiko da kuɗin maganin duk wata. To, likita guda ya ce ko rabi? Ki ba direba amsa. Kada ki bugo wa Inna waya a kan wannan, sirrin hukuma ne.

Ki gaishe da yaran. Ki huta lafiya.

Naki a bakin aiki,
Babban Sufeto.

*

Daga ofishin da kika sani,
Zuwa ga babbar 'yar Inna.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya ƙaramin, ya daina tarin? Allah Ya ƙara sauƙi.

Amsarki ta iso. Na ga kin rubuta a bayan ambulan wai zuwa ga Sufeto mai manyan kunnuwa. Hukuma ba ta ji daɗi ba, amma ta yafe. Kin ce ƙwaya guda ce cif kowace safiya, kuma likita ya ja kunne kada a rage ko a tsallake. Dama abin da na ji tsoro ke nan.

Yanzu zan gaya miki abin da ban faɗa ba a takardar farko. Kwana goma da suka wuce Inna tana shanya jiri ya ɗebe ta. Allah Ya taimaka ta kama igiya, ta zauna daɓas a kan bokiti. Ƙaninki yana wurin. Ta daɗe tana riƙe da ƙeyarta, da ta dawo daidai abu na farko da ta tambaya shi ne ko kayan sun taɓa ƙasa, don kada a sake ɓata sabulu. Sannan ta sa shi ya yi alkawari ba zai gaya miki ba. Ta ce kina da naki nauyin, kuma ta san halinki, sai ki ajiye aiki ki taho. Yaron kuwa mai cika alkawari ne. Shi ya sa ba shi ya rubuto ba, ni na rubuto.

Na je wurin mai kemis na kwanar layi. Ya ce da Inna duk wata take zuwa, yanzu sai wata biyu, shi ya ɗauka wani wurin ta koma saye. Wata shida ke nan.

Na yi ta tunanin ina ragowar kuɗin yake zuwa, don ban ga ta sayi ko sabon silifa ba, nata har yanzu da ƙusa yake riƙe. Da ta tafi kasuwa na yi binciken hukuma a ƙarƙashin gado. Na tarar da gwangwanin madara, an ɗaure bakinsa da roba. Ban ƙirga ba, ba abin da ya kai ni ke nan ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne 'yar takarda da ke kwance a saman kuɗin, hoton injin aski da ta yanko daga wata jarida.

Kin san ƙaninki ba shi da injin kansa. Da na maigidan shago yake aiki, kuma duk kan da ya aske rabi na maigida ne. Watannin baya ya taɓa yin wannan ƙorafin a gaban Inna, da wasa ma, yana cin burodi. Shi ya manta, ita ba ta manta ba. Wato jininta take rage wa magani don shi ya samu inji. Ranki ya daɗe, Sufeto ne ni, na ga abubuwa da yawa, amma ranar sai da na zauna a ƙasan ɗakin nan na daɗe ban tashi ba.

Yaron ya yi mata magana da lalama. Ta ce jikinta ƙarami ne, ƙwaya guda ta yi mata yawa, likita bai san cewa ita ba ta cin abinci da yawa ba. Ya ce shi ba ya son injin. Ta ce wa ya tambaye shi. Ta ƙara da cewa ta raba sabulu shekara talatin ba wanda ya yi wari a gidan, don haka kada ɗan da ta yi wa wanka da rabin sabulun ya koya mata rabo.

Kin ce za ki nemi izini ki taho. Kada ki zo. Idan kika zo za ta haɗiye guda a gabanki, kina juya baya reza ta dawo, kuma daga ranar ba za ta ƙara barin faranti a taga ba. Ki ba ni kwana biyar. Inna ba ta jin tsoron ciwo, ba ta jin tsoron likita, amma akwai abin da na san ba ta iya ɗauka, shi ne a nuna ɗanta da yatsa a layi. Idan kwana biyar suka cika ban yi nasara ba, ni da kaina zan ce ki hau mota.

Ki kwantar da hankalinki, aiki yana hannun manya.

Naki,
Babban Sufeto.

*

Zuwa ga Yaya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigida da yara, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Wannan karon da gaske nake cewa muke, har da Inna.

Kwana huɗu aka yi, ba biyar ba. Ga yadda aka yi.

Ranar da takarda ta tafi, ƙaninki ya zauna a kujerar shago ya sa abokin aikinsa ya aske masa kai tas, amma ɓangaren dama kawai. Hagu aka bar shi da sumarsa ta wata biyu, layi a tsakiya kamar an ja da zare. Ya cusa hula a aljihu, ya tako gida a hankali ta tsakiyar layi, yana gaishe da kowa. Mai kanti ya saki mudu. Yara suka biyo shi har ƙofa.

Inna ta ga kan, ta yi salati, ta tambaya ko wuta aka ɗauke ana tsakiyar aski. Ya ce a'a, tattali ne. Kansa ƙarami ne, aski guda ya yi masa yawa. Ya ce daga yau duk safiyar da ta sha rabi, shi ma da rabi zai fita. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce zai gaji.

Bai gaji ba. Washegari ya ɗauki kwandon cefane ya raka ta kasuwa, kai a buɗe. Duk wadda ta tambaya sai ya ce ta tambayi Inna, ita ce malamarsa. Mai tumatir ta ja ta gefe ta ce mata akwai asibitin da ke duba irin wannan larurar. Ranar ba ta yi ciniki ba, abin da aka faɗa ta biya, ta yi gaba. Ke kin san wannan bai taɓa faruwa ba tun da aka haife mu.

Rana ta uku ya kwanta bayan azahar. Cikin barci ya ji sanyi a kunnen hagu. Yana buɗe ido ya ga Inna tsugune da rezar yankan magani da ɗan ruwan sabulu, za ta ƙarasa aikin a ɓoye. Ya yi tsalle ya fita tsakar gida da kumfa a kai. Ta bi shi da silifa, amma ba ta yi taku biyar ba ta tsaya ta dafa bango tana haki. Nan wasan ya fita daga ransa. Ya riƙo ta ya zaunar, ya ce yanzu ba sai an jira ba, asibiti za su. Ta ce ba ta shiga asibiti da mai rabin kai. Ya ce to da shi za ta shiga.

Nas ɗin da ta yi awon jinin ta kalli agogon awo, ta kalli Inna, ta kalli kan yaron, ta nemi a yi mata bayani. Ya yi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce wa Inna rabin magani ba ajiya ba ce, kuɗin rabin ma asara aka yi, domin bai yi aikin da aka saye shi don shi ba. Ta ce in aka ci gaba haka, wata rana jinya ɗaya za ta cinye gwangwani goma. Yaya, duk maganar mutuwa da shanyewar jiki da aka yi ba ta motsa Inna ba. Amma da ta ji kalmar asara, sai na ga ta gyara zama.

A hanyar dawowa muka biya ta shago, maigida ya leƙo ya ce in ba a gyara kan nan ba gobe kada a zo masa, yana korar masa mutane. Inna ta ji da kunnenta. 

Da safe ta kira ni. Ta ɓare sabuwar ƙwaya, ta ɗaga ta sama don a shaida, ta haɗiye guda cif. Ragowar rabi-rabin da ke faranti ta ce biyu-biyu za ta sha su, ba za a zubar ba, kuma nas ta amince. Sannan ta ce a zauna a kan bokiti. Da rezar nan ta ƙarasa askin, tana yi tana faɗa, wai ga shi an ja mata biyan tumatir da tsada. Ta yanke kunnen sau biyu. Na tabbata na biyun da gangan ne.

Mun yi yarjejeniya. Gwangwani yana nan, ba a hana ta ba, amma abin da zai shiga ciki daga sabulu da shayi zai fito, ban da magani. Ni kuma zan riƙa jefa nawa duk ranar da shago ya yi kyau. Daga wannan watan ki ba direba kuɗin ya kai wa mai kemis kai tsaye, mun riga mun yi magana da shi. Inji zai zo, ko da ya daɗe. Reza kuwa tana aljihuna, ashana ta samu 'yanci.

Kin ga tun ɗazu alƙalami yana ta zamewa, ina cewa mu, ina cewa ni. To, ba sauran ɓoyo. Babu Sufeto, babu ofis, babu ma'aikata ɗari huɗu. Ni ne, kuma na san kin gane tun layin farko, don ba wanda yake rubuta harafi a karkace haka sai wanda kika koya wa a bango. Alkawarin da na yi wa Inna karya shi na yi, rigar Sufeto ba ta canza komai ba. Jiya na durƙusa na gaya mata cewa takardu biyu na aika miki, kuma kin san komai. Na sunkuyar da kai ina jiran silifa.

Silifa bai sauka ba. Can ta tambaye ni wace kalanda na yaga, kuma na dai rubuta har gefe-gefe ko na bar fili a banza.

Ki duba da kyau, Yaya, ko wurin sa hannu da ƙyar na samu.

Ƙaninki mai manyan kunnuwa, mai cikakken aski,
Auta.