Ɗigon da Ba Ya Fita a Hoto

Litinin, 3 ga Maris

Sabuwar kyamara ta iso. Baƙa wuluk, ga nauyi, mariƙinta ya zauna a tafin hannuna kamar an auna. Na kai wa Baba ita ɗakin bayan shago, inda yake wuni tun da idanunsa suka rufe. Ya shafa ta ciki da bai, ya danna, madubin ciki ya yi ƙyas. Wai ta fi ni kunya, ba ta da surutu. Da yatsansa ya faɗa kan makunnin da ke sa ta saita hoto da kanta, sai ya kashe shi. Dokar shagonmu ke nan tun zamaninsa: mai hoto da idonsa yake saiti, yana murza zoben gilashi da hannu. Ni ma a haka na taso, har gori nake yi wa masu barin inji ya gani musu.

Laraba, 5 ga Maris

Akwai wani ɗigo a tagar leƙe, gefen dama daga sama. Ƙura ce. Na cire gilashi, na hura wa madubi iska da 'yar roba. Yana nan.

Asabar, 8 ga Maris

Na ɗauki ɗaliban makarantar ɗinki da suka kammala. Da na buɗe a kwamfuta, bangon baya ras, fuskoki dishi-dishi. Shugabarsu ta ce, "Baiwar Allah, mu kika zo ɗauka ko bango?" Kamar in nutse. Abin da ya fi tsaya min a rai, ɗigon bai fito a hoto ko ɗaya ba.

Talata, 11 ga Maris

Kusa da tagar leƙe akwai 'yar ƙaramar taya da ake daidaita ta da ƙarfin idon mai ɗauka. Na murza, na murza, har ta ƙure. Kyamara kamar wannan a ce tayarta ta ƙare da wuri haka!

Juma'a, 14 ga Maris

Na je wurin mai gyara. Ya ce ƙurar madubi haka take, a taga ake ganinta, ba ta shiga hoto. Har na ji sanyi. Sai ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. "Anti, tas take fa. Ni ban ga komai ba." Na karɓa na leƙa, ga shi nan, har ƙiba ya ƙara. Ya bar kallon kyamara ya koma kallona, irin kallon da ban so. Na ce masa bai san aikinsa ba, na fito.

Alhamis, 20 ga Maris

Ba kyamara a hannuna. Shanya nake yi, na ɗaga kai ga farin zanen gado. Ga ɗigon nan, gefen dama, daga sama.

Ban gaya wa maigida ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Yau na tuna muna yara, Baba zaune yana goge gilashin tsohuwar kyamararsa, goga, goga, yana faɗa wai mun taɓa masa da hannun maiƙo. Mun sha faɗa, kuma wallahi ba mu taɓa ba.

Tsoro nake ji. Shagon nan kan idona na dama yake tsaye, Baba kuma kan shagon.

Laraba, 26 ga Maris

Wata mata ta kawo jaririnta. Da idon hagu na leƙa, hancina yana gogar allon bayan kyamarar, duk na ɓata shi. Don dai yaron ya ƙi zama wuri ɗaya ne na tura makunnin. Ɗit-ɗit, ta saita kanta. Hoto ya fito ras, har gashin idonsa ana ƙirgawa.

Na manta tana yin ƙara.

Matar na fita Baba ya kira ni. Na shiga na durƙusa, na shirya shan faɗa. Sai ya laluba ya kama hannuna.

"'Yar nan, dama ko hagu?"

Bai jira amsata ba.

"Gobe ki je asibiti. Ni goge gilashi na tsaya yi."

Na ce to, zan duba in ba aiki. Makunnin dai na bar shi a kunne. Saboda yara ne kawai, ba sa zama wuri ɗaya.