Shafi na Tamanin da Uku

Zuwa ga Autarmu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya raya mana su. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da mai gyaran famfo, kin kuwa san wannan ita ce babbar alamar warkewarta.

Kin san littafin tarihin gidanmu da Baba, Allah Ya jiƙansa, ya shekara tara yana bugawa da yatsa biyu. Kin kuma san abin da ke shafi na tamanin da uku, ko da ba wanda ya faɗa miki a fili: ya lissafa 'ya'yansa huɗu, alhali mu biyar ne. Shekarar da kika ajiye karatun likita kika tafi koyon gyaran injin jirgi ya rubuta shi. Abin da ba ki sani ba, kwana uku kafin rasuwarsa, ina gyara masa matashi da la'asar, ya riƙe hannuna ya ce, "Ki mayar da Auta wurinta." Ni kaɗai na ji.

Da aka tashi kai littafin wurin ɗab'i, tsohuwar kwamfutarsa ta fara kuka kamar injin niƙa. Yaya ya kwashe komai a faifai ya zuba a sabuwa. Ranar Litinin na zauna a ɗakin karatun Baba, na buɗe babin, na rubuta sunanki, na ce wa kwamfutar ta adana. Ta ƙi. Wai fayil ɗin na karantawa ne kawai. Da ma kin ga fuskar Yaya. Nan take ya kira Kawu, ya sa hannu a baya, ya sanar cewa Baba ya kulle littafinsa da kansa, don haka wasiyya ce, ba mai taɓa ko ɗigo. Kawu har da share hawaye. Baban da ya manna kalmar sirrinsa a goshin kwamfuta da salatef, shi ne ya zama gwanin kulle-kulle bayan ya rasu.

Washegari na biya wurin mai gyaran kwamfutocin wurin aikinmu. Ya yi dariya har ya ajiye shayinsa, ya ce duk abin da ya bi ta irin wannan faifan da alamar nan ta karantawa kawai yake fitowa. A danna maus ta dama a kan foldar, a buɗe bayananta, a cire alamar da ke cikin ɗan akwatin, a ce ya shafi duk abin da ke ciki. In ta ƙara yin gardama, to har yanzu tsohon mai ita take gani, sai a sauya mata mai mallaka.

Jiya na tara su a ɗakin. Kafin in taɓa littafin, na buɗe jerin magungunan Baba: a kulle. Na buɗe takardar neman aikin da Yaya ya buga a tsohuwar kwamfutar shekara goma sha biyu da suka wuce: a kulle. Na ce, "Yaya, wannan ma wasiyya ce? Aikin da ba su ɗauke ka ba?" Kawu ya shiga tari. Yaya ya ce ya ji, amma ba ni da mai shaidar abin da nake cewa Baba ya faɗa, kuma in na sauya shafin zai janye gabatarwar da ya rubuta. Na ce gaskiya ne ba ni da shaida, gabatarwar kuwa shafi shida ce, littafin zai ji sauƙi. Sai Mama, da kowa ya ɗauka gyangyaɗi take yi a kujerar Baba, ta ce, "Biyar na haifa. Wannan kuma ina wurin."

Na cire alamar. Na mayar da huɗu biyar, na sa sunanki da shekararki da aikinki. Ban ƙara miki yabon da bai furta ba, ban kuma goge komai nasa ba. Kwamfutar ta adana ba musu.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki turo hoton 'yan biyu wanda suka tsaya cik. Goggo da Anti Malama suna gaishe ki. Kawu ma, bayan ya gama tarinsa. Ki gaishe mini da maigidan. Yaya bai ba da saƙo ba. Da na kwafe littafin a filas, na zare shi na ɗauki jakata, yana tsaye a bakin ƙofa, ya tambayi ina za ni. Na ce wurin mai ɗab'i, kafin Baba ya sake kulle wani abu. Ya matsa, na ja ƙofar, na tafi.

Yayarki, ta biyu a cikin biyar.