Kowa Sai Ya Tsaya Ya Rage Mini Hanya

Assalamu alaikum, Malama Aishatu. Don Allah ki taimaka mini da shawara, domin abin nan in na faɗa wa wani dariya zai yi, ni kuwa ya hana ni sakat.

Shekaruna hamsin da biyu, ina aiki a sakatariya a nan Ikara. Wata biyu da suka wuce ciwon kai ya matsa mini, na je asibiti aka auna ni, aka ce hawan jini ne. Ciwon nan kuwa shi ya kwantar da mahaifina. Shekara huɗu ɓarin jikinsa a shanye, ni nake juya shi, ni nake yi masa wanka, har Allah Ya karɓi abinSa. Wallahi ba mutuwa nake tsoro ba, wannan kwanciyar nake tsoro. Ga autata Rahmatu, bana ta shiga aji uku na firamare.

Likita ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri da magi, in riƙa tafiyar ƙasa ta rabin awa kullum. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na jingine mashin ɗina na fara takawa zuwa ofis. Malama, ashe tafiyar ƙasa a garin da aka san ka jan aiki ce! Ban kai bakin kasuwa ba ɗan acaɓa ya ci burki, wai in hau kyauta. Na yi godiya, ya wuce, wani ya tsaya. Ranar farko mutum biyar na sallama. Na shida surukina ne, da wane bakin zan ce masa a'a? Na hau ina cizon yatsa. Kafin mako ya zagayo magana ta bazu wai an dakatar da ni daga aiki har na sayar da mashin. Yayana Iliyasu ya taso takanas daga Kudan don ya ji ko lafiya. Na ce masa lafiya ƙalau, don ban da maiɗakina babu wanda na gaya wa. Ba na son a fara kallona da idon tausayi.

Ga kuma ciyayya. Mu bakwai ne a layinmu, in an idar da magariba kowa ya fito da kwanonsa mu haɗu a tabarma ɗaya, shekara ashirin ke nan. In ka tsallake kwanon mutum, gobe matarsa ta ji labari. Miyar gidan maƙwabcina Malam Saminu kuwa, kai ka ce kyauta ake ba su magi. Ina ci ina tuna gargaɗin likita. Yau kwana goma ke nan da na koma kan mashin, ciwon kan ma ya fara leƙowa. Yaya zan yi?

Naki, Mai Gudun Kwanciya, Ikara.

Wa'alaikumus salam, Malam. Na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba, amma da na zo wajen mahaifinka sai dariyar ta tsaya. Allah Ya ji ƙansa.

Mutanen nan ba su yi laifi ba. Garin da za a ga dattijo a ƙasa a tsaya masa, garin albarka ne. Kai ka bar su cikin duhu, su kuma suka cike gurbin da zato. Hawan jini ba abin kunya ba ne, kuma ka yi sa'a da aka gano naka kana tsaye da ƙafafunka.

Ka fara da Yaya Iliyasu, yau ɗin nan ka buga masa waya. Uba ɗaya ya haife ku, shi ma ya je a auna shi. Sannan ka faɗa wa 'yan ciyayyarku a kan tabarmar nan, kafin a buɗe kwano. Duk sa'o'inka ne, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe, zai yi wuya a rasa wani mai ɓoye irin naka. Kada ka bar ciyayya, zama da mutane ma lafiya ne. A yi maka miyarka da daddawa da ganye, gishiri kaɗan. Ka ƙoshi da naka, na sauran ka taɓa loma ɗaya don zumunci.

Tafiya kuwa, ka sauya mata lokaci da hanya. Bayan sallar asuba ka saɓa fartanya a kafaɗa ka nufi bayan gari. Babu mai tsayawa ya rage wa mai fartanya hanya, sai dai a ce masa Allah Ya ba da sa'a. In ka dawo ka hau mashin ɗinka ka tafi ofis da mutuncinka. Magani kuma kada ka ajiye shi don ka ji sauƙi, kuma ka koma wurin likita cikin makon nan saboda ciwon kan da ya dawo.

Ka juya mahaifinka shekara huɗu, ka fi ni sanin nauyin abin. Kunyar minti biyar a kan tabarma ba ta kai shi ba. Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sa da ƙafarka za ka taka zuwa ɗaurin auren Rahmatu, ranar nan ko an tsaya maka ka ce ka gode.