Jinina na gwada, na ce na Mama ne

Salama gare ku, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, domin duk sunan da za ku kira ni da shi na riga ku kiran kaina.

Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Samaru, irin wadda albashi ke zuwa ranar da mai makaranta ya tuna da mu. Mahaifiyata tana wurina tun rasuwar Baba. Tana da ciwon suga, amma da ƙwayoyin asibiti tana harkokinta lafiya lau, tana zuwa coci da ƙafarta, har gonarta ta Bomo tana leƙawa. Yayana da ke aiki a Kaduna shi ke turo kuɗin magani, ni ke sayowa.

Bara wata mai shagon atamfa a Sabon Gari ta ja ni taron wani kamfani mai sayar da shayin ganye. Wai yana wanke suga, yana sauke hawan jini, ta da matacce ne kawai ba su ce yana yi ba. Ka zuba jari a ba ka kwalaye, ka sayar, ka kawo mutane, ka hau matsayi. Na ga mata da manyan wayoyi suna ba da shaida suna hawaye, ni kuwa ko data sai na yi dogon tunani kafin in saya. Na kwashe ɗan abin da na tara na karɓo kwalaye, suka kwanta a ƙarƙashin gado, ba mai tambaya. Da na koka, sai mai atamfar ta ce, "Malama, shaida ce ba ki da ita. Ba kin ce mamanki na da suga ba? Ki ba ta, ki ɗauki bidiyo, ki ga yadda kasuwa za ta buɗe."

Na fara dafa wa Mama shayin. Kuɗin maganin watan kuma na ƙaro kwalaye da shi, ina ce wa kaina ai na ɗan lokaci ne. Ranar ɗaukar bidiyo na soki yatsanta, na sa jinin a na'urar gwajin suga da muke da ita a gida, lambar da ta fito ta yi sama ƙwarai. Mama ba ta karatu, kuma ta kawar da kai don ba ta son ganin jini. Na ce mata bari in gyara batir, na shiga ɗaki, na soki nawa yatsan, na fito da na'urar tana nuna lambar mai lafiya. Na kunna waya na ce, "Mama, kin warke." Ta ɗaga hannuwa sama tana yi wa Ubangiji godiya. Wace irin 'ya ce za ta iya riƙe waya daidai a wannan lokacin? Ni na riƙe, hannuna ko girgiza bai yi ba.

Kasuwa kuwa ta buɗe. Bidiyon ya zaga wayoyin matan zumunta, Mama ta tashi a gaban jama'a ranar Lahadi ta ba da shaida, Yaya ya kira ni yana sa mini albarka. Ni kaɗai na san babu abin da ya warke. Na lallaɓa kemis na sayo ƙwayoyinta, na ce ta riƙa haɗawa da shayin. Ta ce, "Mayar musu da kayansu. Wanda Allah ya warkar ya koma shan ƙwaya? Rashin godiya ke nan." Na gwada dakawa ina zubawa a kunu, ta ji ɗaci, ta ce geron ya lalace, ta daina shan kunun. Sau nawa na zauna a gabanta da niyyar faɗa mata? Da ta kalle ni ta ce "likitata", sai in fasa.

Da damina ƙaya ta soke ta a ƙafa a gona. Ciwon da bai kai a kula ba ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, babban yatsan ya yi baƙi, har ɗakin ya fara wari. Yanzu muna asibiti. Yaya ya nuna wa likita bidiyon yana cewa ai ta warke tuntuni. Likitan ya kalla, ya tambayi wanda ya yi gwajin, na ce ni ce. Sai ya ce yatsan kam ya tafi, kuma in sugan bai sauka ba, ƙafar ce za ta bi shi.

Ga inda na rasa mafita. Mama ta ƙi allura. Ƙwayoyin da ma'aikatan jinya ke ba ta, na same su a ƙulle a bakin zanenta. Ta ce na'urar asibiti ce ke ƙarya don su ci kuɗinmu. Ɗazu ta kama hannuna ta ce, "'Yata, gobe ki zo da tamu ta gida, ki gwada ni a gabansu su ji kunya. Ki haɗo mini da shayina a filas." Yaya ma ya ce in kawo.

In na gwada ta lamba ta hau, za ta ce ciwon ne ya dawo, shayin da ya kore shi da farko zai sake korarsa. Ba za ta yarda da allura ba sai ta san ba ta taɓa warkewa ba, kuma ni kaɗai ce zan iya faɗa mata. In na faɗa, na mai da ita wadda ta yi shaidar ƙarya a gaban Allah da jama'a, kuma ban san ko ita da Yaya za su sake kallona ba. In na yi shiru, za a yanke ƙafar da ta goya ni tana tafiya a kanta. Wataƙila ma ko na faɗa an riga an makara.

Na'urar tana cikin jakata, na wanke filas ɗin ma, ban san dalili ba. Jama'a, me zan yi?